Wai komai a jini yake? Maganar gado, muhalli da abin da mutum ya ƙudurce a ransa

Kwanakin baya aka fasa wani aure a unguwarmu kuma har yau abin bai bar raina ba. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, yaron nan kowa ya shaide shi, yana da sana'arsa, ba ya shaye-shaye, jam'i ba ya wuce shi, sai kawai wata gwaggon yarinyar ta zo da labari wai kakansa na wajen uwa ya taɓa samun taɓin hankali har sai da aka sa shi a mari, shekaru aru-aru da suka wuce. Shi kenan magana ta watse. Da dattawa suka je ba da baki sai uban yarinyar ya ce shi fa ba zai haɗa zuri'a da gidan da ake hauka ba, abin a jini yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan gidan dai, su ne 'yan shekarun baya suka aurar da babbar 'yarsu ba wanda ya ce a je a yi gwajin jinotaif, yanzu ga jikansu nan da sikila, wata ba ya ƙarewa ba a kwana da shi a asibiti ba. Inda gadon yake da tabbas ba a duba ba, inda kuma yake zato ne kawai nan aka kafe.

To wannan kalma ta "a jini yake" ita nake so mu ɗan tattauna, domin mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Ciwon suga a jini yake, hawan jini a jini yake, gajarta, daƙiƙanci, sata, zafin rai, kai har talauci na ji ana cewa gadon gidan su wane ne.

Ni dai ba na cikin masu cewa babu gado. Akwai shi, kuma addini ma ya tabbatar da shi tun kafin a ƙera madubin likita. Mun san labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) cikin damuwa matarsa ta haifi yaro baƙi alhali su ba baƙaƙe ba ne, aka tambaye shi raƙumansa wane launi ne ya ce jajaye, akwai mai ruwan toka a ciki ya ce akwai, daga ina ya samo launin ya ce ƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi, aka ce masa to ɗanka ma ƙila hakan ne. Kimiyya ta zo ta yi bayanin jijiyar. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da wani dogon rubutu da ake kira DNA, rabi daga uwa rabi daga uba, a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Lokacin da aka kammala babban aikin karance wannan rubutu a 2003 mutane da yawa sun ɗauka shi kenan an gano littafin rayuwar ɗan Adam, nan gaba za a duba jinin jariri a faɗa maka ciwon da zai kashe shi da irin halin da zai yi. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, abin bai zama haka ba. Cututtukan da ƙwayar gado guda ɗaya tal take yanke hukuncinsu suna nan, amma akasarin abin da ke damun mutane, su suga da hawan jini da ciwon zuciya da taɓin hankali, da su tsawo da basira, ƙwayoyin gado ɗaruruwa ko dubbai ne suke sa hannu kowace da ɗan mitsitsin tasirinta, sannan duk su taru su jira abin da duniya za ta yi da mutum.

Mu fara da sikilar ma, tunda ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa jini ne ke yanke komai. Ita kam babu musu, harafi ɗaya ne ya sauya a cikin rubutun nan, idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya (S) amma ba ya ciwon, ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon, ba addu'ar da aka ce ka yi ka bar gwaji, ba kuma ƙarfin zuciyar da zai mayar da SS ya koma AA. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 duk shekara, shi ya sa na ji daɗi da Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024. Amma ku duba wani abu. A shekarun 1970 an yi wani babban binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, da aka auna jinin mutanen ƙauyukan sai aka ga wajen kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ka samu ko ɗaya. Ina suka tafi? Sun rasu tun suna ƙanana. Yau a Ingila ko Amurka yaron da aka haifa da wannan harafin dai, shi ɗin dai ba wani ba, sama da 90 cikin 100 suna girma su zama manya, su yi karatu su yi aiki. Bambancin ba a jini yake ba, a gwada jariri tun kwanakin farko bayan haihuwa ne, da ba shi fenisilin kullum, da rigakafi, da jinin ƙari mai tsabta idan buƙata ta taso, da rashin sauro mai zazzaɓi. Jini ya ce za ka yi sikila. Ko za ka kai shekara 5 ko za ka kai 50, wannan kuma garin da aka haife ka yana da baki a ciki sosai.

Kuma abin mamaki ita kanta ƙwayar S ɗin muhalli ne ya yawaita ta a cikinmu. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tun 1954 wani likita Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka, don haka a ƙasashen sauro masu AS suka fi tsira suka fi hayayyafa, har ta kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita. Wato ko abin da muke kira jini, idan ka tona can baya, sawun fadama da sauron kakanninmu ne.

Hawan jini fa? An daɗe ana cewa ai baƙar fata haka Allah ya yi shi da hawan jini, saboda yadda ya yi katutu a cikin baƙaƙen Amurka. Sai wasu masu bincike ƙarƙashin Richard Cooper suka bi sawun mutanen da tushensu ɗaya ne, suka auna a Najeriya da Kamaru, suka auna a tsibiran Karebiyan irin su Jamaika, suka auna a wata unguwa kusa da Shikago, sakamakon ya fito a 1997: kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiyan, 33 a Amurka. Yana hawa kamar matakala, yana bin ƙiba da gishiri da irin zaman da ake yi. An sake ganin irin haka a kan 'yan Ghana, aka kwatanta na ƙauye da na birni da waɗanda suka koma Turai, matan ƙauye masu ƙiba mai yawa ba su wuce kashi 8 ba, 'yan uwansu da ke Landan sun haura kashi 50. Mu ma ai muna gani. Kakanka ya yi noma har ya tsufa yana cin tuwon dawa da miyar kuka yana tafiya kasuwar ƙauye a ƙafa, kai kuma daga mota sai ofis sai lemon kwalba sai shinkafa dare da rana, in suga ya kama ka ka ce gado ne. Ƙila ka gaji saurin kamuwa, wannan gaskiya ne, amma shi da ya bar maka gadon me ya sa bai kamu ba?

Yanzu ta yaya muhalli yake shiga har cikin jiki ya taɓa aikin ƙwayoyin gado? Nan ne wani fanni da ake kira efijenetik ya shigo, kuma duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi da sauri. Ka rubuta baƙaƙe uku na ajami babu wasali, ɗora wannan wasalin a karanta gida, sauya shi a karanta gada, sake sauyawa a karanta guda, baƙaƙen suna nan yadda suke amma ma'ana ta tafi wani wuri daban. Haka jiki yake ɗora wasu ƙananan alamomi a kan DNA da suke cewa wannan wurin a karanta shi da ƙarfi, wannan a sassauta, wancan a tsallake shi gaba ɗaya. Shi ya sa ƙwayar ido da ta hanta rubutunsu ɗaya amma aikinsu ya sha bamban. Kudan zuma ma haka, sarauniya da ma'aikaciya duk daga irin ƙwai ɗaya suke fitowa, abincin da aka ɗura wa tsutsar ne yake sa wannan ta zama ƙatuwa mai zuba ƙwai tana shekaru a raye, waccan kuma ta ƙare a 'yan makonni tana ɗibar furanni.

A kan mutane, misalin da ya fi shahara ya fito ne daga wani bala'i. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, rabon abincin mutum ɗaya ya faɗo ƙasa da kalori 1,000 a rana, wani lokaci har kusan 500, mutane wajen 20,000 suka mutu. Da yake mutane ne masu ajiye takardu, an san matan da suke da ciki a lokacin, an kuma bi 'ya'yan har tsufansu. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, duk da cewa bayan yaƙi sun tashi cikin wadata, sun fi saura yawan ƙiba da ciwon zuciya, har da taɓin hankali mai tsanani. A 2008 aka auna jininsu aka kwatanta da na 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba su gamu da yunwar ba, sai ga bambanci a waɗannan alamomi a kan wata ƙwayar gado mai kula da girma, bayan shekara 60. Yunwar 'yan watanni, a cikin ciki, mutum bai ma san an yi ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Gambiya, domin rayuwarsu irin tamu ce. A yankin Keneba manoma ne masu dogaro da damina ɗaya, akwai lokacin da rumbu yake cike akwai lokacin da ya yi ƙasa ga kuma aikin gona ya yi tsanani, cimar mace tana sauyawa da lokacin shekara. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina alamomin da ke kan wasu ƙwayoyin gadonsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani, kuma bambancin yana bin sinadaran da ke jinin uwar a daidai lokacin ɗaukar cikin. Ka tuna matan ƙauyukanmu daga Katsina har Maraɗi da Damagaram a watan Yuli da Agusta, ciki a gaba goyo a baya fartanya a hannu, abinci sau ɗaya ko biyu, kuma a gidaje da yawa ita ce ƙarshen ci. Sai dai a nan ina so mu taka a hankali, domin wannan fanni sabo ne kuma 'yan intanet sun riga sun yi masa kwalliyar da ta wuce gaskiya. Cewa abin da ya sami uwa mai ciki yana bin ɗanta, wannan ya tabbata. Cewa alamomin suna tsallakawa har jikoki da tattaɓa kunne, a ɓeraye da tsirrai an ga wani abu, a mutane kuwa har yanzu masana suna ja-in-ja a kai.

Ba ma sai an je ga efijenetik ba wallahi, akwai abin da ido yake gani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A kudu maso gabas kashi 18 ne. A arewa maso yamma, wato gidanmu, kashi 57. Fiye da rabi. Kuma tsumburewa ba a ƙafa kawai take tsayawa ba, abincin da bai isa ya gina ƙashi ba bai isa ya gina ƙwaƙwalwa ba, musamman a kwana 1,000 na farko daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Duk wanda zai ce ai mu dama gajeru ne ya dubi Koriya ta Kudu, inda cikin shekara 100 matsakaicin tsawon mata ya ƙaru da wajen santimita 20, jininsu bai canza ba tukunyarsu ce ta canza, 'yan uwansu na Koriya ta Arewa kuma da aka raba su da shingen waya suna nan sun fi su gajarta. Ga kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka ana niƙa, ashe cike suke da dalma, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai, yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jikinsu, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata. Idan ɗaya daga cikinsu ya kasa haddace karatu malam zai ce daƙiƙi ne, maƙwabta su ce ai gidansu dama ba a karatu.

Wannan shi ne abin da yake damuna da kalmar gado yadda muke amfani da ita. Gida ɗaya ba jini kawai suke tarayya a kai ba, rijiya ɗaya suke sha, tukunya ɗaya, hayaƙin murhu ɗaya, makaranta ɗaya ko rashinta, faɗa da zagi iri ɗaya yaro yake ji tun yana goye. Sai abu ya bi gidan kaka da jika, mu ce jini ne, alhali rijiyar ce. Kuma da zarar an ce jini ne to an wanke kowa, an wanke hukumar da ba ta kawo ruwa ba, an wanke maigidan da yake cin tsire a waje iyali na cin gaya, an wanke mu da muke kallo. Manomi bai taɓa yin wannan kuskuren a gonarsa ba, ya san iri mai kyau yana da muhimmanci har yakan ajiye zangarniyar da ta fi kyau don baɗi, amma in ya shuka irin nan a fako bai yi ba, ba ya zagin irin. Kuma Bahaushen da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne dai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, shi ne ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu ne muke zaɓar karin maganar da ta dace da abin da muka riga muka yi niyya.

Sai ɓangare na biyu, abin da mutum ya yarda da shi a ransa. A nan ma akwai gaskiya akwai kuma kasuwanci. Gaskiyar ita ce zato yana taɓa jiki. A Jami'ar Stanford an yi wani gwaji da aka fitar a ƙarshen 2018, aka ɗauki mutum 200 da ɗoriya aka auna ƙwayoyin gadonsu na gaske, sannan aka raba musu sakamako ta hanyar ƙuri'a ba tare da la'akari da gaskiyar ba, wasu aka ce musu kuna da ƙwayar da ke sa saurin gajiya, wasu aka ce kuna da mai sa saurin ƙoshi. Waɗanda aka ce musu masu saurin gajiya ne, da suka hau injin gudu sun sare da wuri fiye da yadda su ɗin dai suka yi mako ɗaya kafin nan, har yadda huhunsu yake fitar da iska ya ragu. Waɗanda aka ce musu masu saurin ƙoshi ne, sinadarin ƙoshi da hanjinsu ya fitar bayan cin abinci ya ninka sau biyu da rabi. A wasu ma'aunan abin da aka gaya wa mutum ya fi ainihin ƙwayar da yake ɗauke da ita tasiri. To ka yi tunanin yaron da tun yana shekara 6 ake ce masa kai jinin ɓarayi ne, kai irin gidanku ba a abin kirki, kullum, daga bakin mutanen da ya fi yarda da su. Ba banza iyayenmu suke cewa a kiyayi baki a kan yaro ba.

Amma fa yana da iyaka, kuma iyakar ce masu sayar da kwas ɗin "canza tunaninka ka canza rayuwarka" ba sa faɗa. A 2011 an gwada masu asma, wani lokaci a ba su abin shaƙa na gaske wani lokaci na bogi wanda babu magani a ciki. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne, na gaske da na bogi. Da aka sa na'ura ta auna huhun, na gaske ya buɗe shi da kashi 20, na bogi kashi 7 kacal, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. Ka ga hatsarin ke nan, mutum ya ji ya warke alhali ciwon yana nan yana cinsa. Yarda tana rage zafi, tana rage fargaba, tana ƙara juriya, amma ba ta narkar da ciwon daji ba ta kashe ƙwayar tarin fuka. Kuma zalunci ne a dubi matar da ke fama da cutar daji ko uwar mai sikila a ce mata tunaninki ne bai yi kyau ba, an tashi daga ɗora laifi a kan jini an koma ɗora shi a kan zuciyar mara lafiya, rijiyar dai har yanzu ba wanda ya leƙa.

A ganina babbar hanyar da imani yake juya rayuwa ba ta cikin jini take bi ba, ta ƙafa take bi, wato inda yake kai ka da inda yake hana ka zuwa. A 2003 aka yarda a Kano da wasu jihohin arewa cewa allurar shan inna makirci ce, aka dakatar da ita, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, kuma tsoron bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yaran Kano a 1996 ba. Amma sakamakon shi ne yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Da malamai da sarakuna suka shigo aka sauya fahimta, allurar dai ita ce, yaran dai su ne, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Haka matar da ta yarda dakashi ƙazanta ne ta matse ta zubar, ta hana jaririnta rigakafinsa na farko. Haka wadda 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya aka ce wabi take yi, aka sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe don a kunyata shi ya zauna, alhali wataƙila da an auna jininta da na mijinta da an ga AS da AS, da na gaban ya samu kulawar da za ta riƙe shi.

Har ƙaddara ma, wadda rukuni ce ta imaninmu, yadda mutum ya fahimce ta yana iya tayar da shi tsaye ko ya kwantar da shi. Na lura masu cewa "a jini yake" da masu cewa "haka Allah ya rubuta" don su guje wa asibiti, magana ɗaya suke yi da harshe biyu. Alhali lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke ya yanke shawarar juyawa, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, sannan ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya kai su kiwo a ciki ai da ƙaddarar Allah ya kai su. Makiyayin ne dai zai zaɓi gefen.

Kada kuma na yi rashin adalci ga ɓangaren gado. Binciken tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, irin wanda aka fara a Minnesota a 1979, ya nuna kamanni mai ban mamaki a hali da basira ko da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma duk uwar da ta haifi 'ya'ya biyar ta san kowanne da halin da ya zo da shi tun yana zanin goyo, wani mai haƙuri wani mai kuka. Ba farin allo ake haifar mutum ba. Amma binciken tagwaye dai shi ne ya ba mu amsar maganar fasa auren da na fara da ita. Taɓin hankali mai tsananin nan da ke sa mutum jin muryoyi, idan ɗaya daga cikin tagwaye masu DNA iri ɗaya sak ya kamu, yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi, wajen 10 cikin 100 ne. Jika kuwa bai wuce 5 cikin 100 ba, wato 95 lafiya lau, ballantana ɗan jikan da ake tsoron a haifa. Kuma ma wa ya san abin da ya sami kakan nan? A wancan zamanin sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai ko farfaɗiya ko buguwa a ka duk hauka ake kiransu, duk mari ake sa wa.

Yaron ya bar unguwar, na ji an ce ya koma wajen wani kawunsa ya buɗe shago a can. Yarinyar tana nan a gida. Jiya da magariba na ga babbar yayar ta fito da ɗanta a kafaɗa ana neman mai adaidaita, idanunsa sun yi ɗorawa, ƙafar ta sake kumbura.